Ma'anar "Alamar Jiha"

Alamar jiha ita ce duk wani abu da aka zartar da doka a kansa domin ya wakilci jiha a hukumance, kamar tuta da hatimi da take, har ma da tsuntsu ko fure ko dabba. Dokar ce ke bambanta ta da abin da jama'a suka saba tinƙaho da shi kawai, domin komai farin jinin abu, ba ya hawa wannan matsayi sai hukuma ta amince da shi a rubuce.

A Amurka aka fi faɗaɗa wannan al'ada, inda kowace daga cikin jihohi 50 take da tsuntsunta da furenta, ko da yake ba kullum zaɓin ke ware jiha daga maƙwabtanta ba, tunda jihohi 7 ne suka haɗu a kan tsuntsu guda, wato jan kadinal. Tutar Teksas kuwa ta fi faɗin abin da ke ran masu ita, domin tauraro ɗaya tilo da ke jikinta tun 1839 yana tuna wa jama'a cewa yankin ya taɓa zama jamhuriya mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845.

Sai dai alama ta fi nuna yadda jiha ke son a gan ta fiye da yadda take a zahiri. Dabbar beyar da ke tafiya a kan ciyawa a tsakiyar tutar Kalifoniya, an ayyana ta a matsayin dabbar jiha a 1953, alhali irinta ya ƙare a dazukan jihar tun shekarun 1920, galibi a hannun mafarauta da makiyaya.

Wani lokaci kuma alamar da wasu ke ɗauka gadon iyaye da kakanni, ga wasu tsohon miki ce. Daga 1894 zuwa 2020 tutar Misisipi ta kasance ɗauke da tambarin yaƙi na jihohin kudu da suka ɓalle domin kare bauta, abin da baƙar fatan jihar suka daɗe suna ƙorafi a kai. A watan Yunin 2020 majalisar dokokin jihar ta soke ta, sannan a watan Nuwamba fiye da kashi 70 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka amince da sabuwa mai ɗauke da farin furen magnoliya.