Me ake nufi da "abincin firiza"?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ci karo da "abincin firiza". Za ka ga uwargida ta jera ledoji goma a kan tebur ranar hutu, ta zuba nama da albasa da karas da kayan ƙamshi a kowace, ta rubuta kwanan wata, ta zura su a firiza. Girkin mako biyu ke nan a wuni ɗaya. Ga gidan da miji da mata duk suke fita aiki, dabara ce da nake yabawa ƙwarai.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka haɗa abu biyu aka raɗa musu suna ɗaya. Akwai dafaffen abinci da aka daskarar, wanda ɗumame kawai yake jira. Akwai kuma wanda masu wannan salo suke nufi: ɗanyen kayan haɗi ne da bai taɓa ganin wuta ba, an adana shi don wata rana a juye shi a tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali. Wanda bai san bambancin ba shi ne zai zaro leda ta yi tauri kamar dutse, ya yage, ya juye, ya rufe murfi, ya kama hanyar ofis. Na kalli bidiyon da har ana jin ƙarar dunƙulen ƙanƙarar yana bugun gindin tukunyar, mai girkin tana cewa shi ke nan, sai dare.

Ita wannan tukunya tun asali ba don gaggawa aka ƙera ta ba. Wani Bayahuden Amurka, Irving Naxon, shi ya samu takardar mallakar fasaharta a 1940. Tunanin ya zo masa ne daga labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na cholent, abincin wake da nama da Yahudawan Lituwaniya na wancan zamani kan kai gidan burodi ranar Juma'a kafin rana ta faɗi. Tunda ba sa kunna wuta ranar Asabar, sai a bar tukunyar ta kwana a tanda, ragowar zafi yana dafa ta sannu-sannu har washegari. Kamfanin Rival ya saye kamfanin Naxon a 1970, ya fito da tukunyar da sunan Crock-Pot a 1971. Wato jikanyar tanda mai hucewa ce: zafi kaɗan, lokaci mai tsawo. Wannan jinkirin ne ke sa nama mai jijiya ya yi luguf.

Kuma shi ne matsalar daskararren nama. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 4 da 60 a ma'aunin Selsiyos. Sanyin firiza, digiri 18 ƙasa da sifiri, ba ya kashe su, barci kawai yake sa su. Idan aka juye dunƙulen ƙanƙara a tukunyar da ke ɗaukar zafi a hankali, naman zai daɗe a wannan tsakanin, ba sanyi ba zafi, su farka su yi ta yawa. Wani zai ce ai daga baya zai dahu. Zai dahu, amma wasu ƙwayoyin suna barin guba a cikin abinci wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Shi ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce a narkar da nama da kaza kafin su shiga wannan tukunya.

Saboda haka a wurina, abincin firiza na gaske yana farawa ne tun daren jiya. A sauko da ledar zuwa firji, a sa ta cikin kwano a can ƙasa don kada ruwan nama ya ɗiga kan wani abu. Babbar leda kan buƙaci kwana guda cur, don haka gara a shimfiɗa ta a kwance tun lokacin daskararwa, ta fi saurin saki.

Jan wake mai siffar ƙoda (kidney beans) kuwa ba ya shiga ledar a ɗanye. Yana da wata guba da zafin wannan tukunya ba lallai ya karya ba. Sai an jiƙa shi, an tafasa shi sosai a kan wuta aƙalla minti 10 tukuna.