Sojan Amurka a ajin koyon harshe: me doka ta tanadar masa da iyalinsa?

Idan rundunar sojan Amurka ta zaɓi mutum don ya koyi Larabci ko Sinanci ko Rashanci, galibi garin Monterey ake tura shi, a gaɓar tekun jihar Kalifoniya. A can cibiyar koyar da harsunan waje ta ma'aikatar tsaro take. Tushenta wani aji ne da aka buɗe a asirce a San Francisco cikin Nuwamban 1941 don koyar da Japananci, kafin a kawo makarantar Monterey a 1946. Sojojin ƙasa da na sama da na ruwa da na kundumbala duk a nan suke haɗuwa, kuma mafi yawan malaman farar hula ne da suka tashi da harshen tun daga gida.

Kafin a kai ga aji, sai mutum ya zauna wata jarrabawa da ake kira DLAB. Ba ta tambayar wani harshe da ka sani. Ƙirƙirarren harshe ake ba ka, a ga yadda kunnenka da ƙwaƙwalwarka ke kama ƙa'idojinsa. Makin da ka samu shi ke nuna rukunin harsunan da za a iya ba ka, mafiya wuya su ne ke neman maki mafi yawa. Kana iya faɗin harshen da kake so, amma buƙatar runduna ce ke yanke hukunci. Wanda ya ƙwallafa rai a kan Faransanci yana iya tashi da Koriyanci.

Harshen da aka ba ka kuwa shi ke ƙayyade tsawon zamanka. Faransanci da Sifaniyanci makonni 36 ne. Rashanci da Farisanci makonni 48. Larabci da Sinanci da Koriyanci da Japananci makonni 64, wato shekara ɗaya da kusan wata uku.

A nan ne ƙa'idar da ta fi kowace tasiri a rayuwar ɗalibi ta shigo, kuma tana cikin kundin dokokin tafiye-tafiye na ma'aikatar tsaro. Kwas ɗin da zai kai makonni 20 ko fiye a wuri ɗaya, ana ɗaukarsa a matsayin canjin wurin aiki, kamar an yi wa mutum taransifa. Wanda bai kai makonni 20 ba kuwa aikin wucin gadi ne. Tunda mafi gajarta cikin manyan kwasa-kwasan Monterey makonni 36 ne, duk wanda aka tura don koyon harshe daga tushe ya tashi ke nan da kayansa.

Abin da hakan ke nufi a aljihu da a gida yana da yawa. Mai canjin wurin aiki, gwamnati ce ke biyan kuɗin tafiyarsa da ta matarsa da 'ya'yansa. Ita ce ke ɗaukar kayan ɗakinsu, gwargwadon nauyin da muƙaminsa ya ba shi: kurtu mai iyali yana da fam 8,000, kusan kilo 3,600, kanar kuwa yana kai fam 18,000. Abin da ya haura iyaka, daga albashinsa za a cire. Akwai kuma wani kuɗi da ake bayarwa sau ɗaya don rage raɗaɗin tashi daga gida zuwa gida. Alawus ɗin haya kuma yana komawa kan farashin Monterey, bisa muƙami da kuma ko mutum yana da iyali ko babu.

Mai aikin wucin gadi, misali wanda ya dawo don ɗan gajeren kwas na sabunta harshe, lissafinsa daban ne. Ana ba shi kuɗin masauki da na abinci kullum, alawus ɗin hayarsa yana nan a kan tsohon wurin aikinsa, iyalinsa kuma suna can. In yana so su zo, shi zai biya. Idan rabuwar ta wuce kwana 30 a jere, yana da haƙƙin wani alawus na rabuwa da iyali. Don haka abu na farko da ya kamata soja ya duba a takardar umarninsa shi ne wanne daga cikin biyun aka rubuta, kuma ko sunayen iyalinsa suna ciki. Ofishin kuɗi ba ya biyan abin da takarda ba ta ambata ba, kuma wanda ya yi gaggawar ɗaukar hayar mota ko gida kafin takardar ta fito yana iya rasa kuɗinsa.

A ganina wannan iyaka ta makonni 20 adalci ce. Ba daidai ba ne a raba mutum da 'ya'yansa sama da shekara saboda karatu, alhali ba fagen daga aka tura shi ba. Sai dai Monterey gari ne mai tsadar gidaje, kuma wannan yana cin ƙananan sojoji masu iyali. Akwai gidajen sojoji a filin tsohon barikin Fort Ord, wanda aka rufe a 1994, da kuma unguwar La Mesa, amma ba kullum ake samun gurbi nan take ba. Ƙananan sojoji marasa aure ba su da wannan damuwar, domin a bariki suke kwana, a ɗakin cin abinci na sojoji suke ci. Waɗanda suka zo kai tsaye daga horon farko kuma ana taƙaita musu fita da sa kayan gida a makonnin farko, sannan a sassauta a hankali.

Abin da iyali kan yi mamakinsa shi ne cewa ɗalibin yana gida amma kamar ba ya nan. Kusan awa shida ake yi a aji, kwana biyar a mako, ga aikin gida na awa biyu ko uku da dare. Kuma har yanzu soja ne. Yana ƙarƙashin kwamandan rundunarsa, zai fito motsa jiki, zai tsaya fareti, za a duba ɗakinsa in a bariki yake kwana, dokar soja kuma tana kansa. Ƙin shiga aji ba tare da izini ba laifi ne na barin bakin aiki. Hutun shekara na kwana 30 yana taruwa masa kamar kowane soja, kwana biyu da rabi a wata, amma ba a cika barin mutum ya ɗauka ana tsakiyar karatu ba. Babban hutun da kowa ke samu shi ne na ƙarshen Disamba, sai kuma larura ta gaggawa kamar rasuwa a gida.

Fita daga makarantar sai da jarrabawar DLPT, wadda ke auna sauraro da karatu, da kuma hira ta baka da ke auna magana. Ma'aunin gwamnati yana tashi daga 0 zuwa 5. Mafi ƙarancin abin da aka daɗe ana nema shi ne mataki na 2 a sauraro, 2 a karatu, 1+ (wato tsakanin 1 da 2) a magana, kodayake ma'aikatar tsaro ta yi shekaru tana ƙoƙarin ɗaga shi zuwa 2+. Wanda karatu ya gagare shi a hanya, ana iya mayar da shi ajin da ke baya ya maimaita, ko a cire shi a ba shi wani aikin soja dabam. Kwantiraginsa ba ya ƙarewa don ya faɗi.

Wanda ya ci kuwa, runduna na binsa bashin lokaci. Horo mai tsada irin wannan yana zuwa da sharaɗin ƙarin shekarun aiki, tsawonsu ya danganta da runduna da muƙami. Masu aikin sauraron sadarwar abokan gaba sukan wuce sansanin sojan sama na Goodfellow a jihar Texas don ƙarin horo, kuma dole sai sun tsallake binciken tsaro mai zurfi, inda ake tono basussuka da tafiye-tafiye da alaƙa da 'yan ƙasashen waje. Wannan binciken kan tsayar da mutum ko da makinsa ya yi kyau.

Akwai ladan harshe da ake ƙarawa a kan albashi, wanda tsarin ma'aikatar tsaro ya sa masa iyakar dala 1,000 a wata. Yawansa ya dogara da matakin da mutum ya kai da kuma yadda ake buƙatar harshen. Ba a bayar da shi har abada a kan jarrabawa ɗaya. A ƙa'ida duk shekara sai an sake zama, kuma idan wa'adin shaidar ya ƙare mutum bai sabunta ba, ko makinsa ya sauka ƙasa da abin da ake nema, kuɗin yana tsayawa.