Waiwaye: Annabiya Hulda da gardamar da aka daɗe ana yi a kanta

Duk sanda gardama ta tashi kan ko mace za ta iya tsayawa gaban jama'a ta faɗi maganar Allah, a coci ne ko a majami'ar Yahudawa, sunan da ake saurin jawowa shi ne Debora, wani lokaci kuma Maryamu yayar Musa. Amma akwai wata da ba a cika kiran sunanta ba, Hulda, kuma ni a ganina ita ce ta fi ɗaure wa malamai kai tun shekaru aru-aru, duk da cewa labarinta gaba ɗaya ayoyi 7 ne kacal a Littafi Mai Tsarki, a 2 Sarakuna sura 22, sai aka sake kawo shi a 2 Tarihi sura 34.

Abin ya faru ne a Urushalima wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu. Ƙasar Yahuza ta sha mulkin Manassa har shekara 55, mutumin da ya cika Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa, da bagadan gumaka, ɗansa Amon ya yi shekara 2 kawai fadawansa suka kashe shi a cikin gidansa, sai aka naɗa Yosiya yana yaro ɗan shekara 8. A shekara ta 18 ta sarautarsa, wato yana da shekara 26 kenan, ya ba da umarni a gyara Haikali, a fito da kuɗin da jama'a suka tara a ba masassaƙa da magina su sayi katako da dutse. Ana cikin wannan aikin ne babban firist Hilkiya ya ce wa Shafan magatakarda ya tsinci littafin Shari'a a cikin Haikalin. Shafan ya karanta, ya ɗauka ya kai fada, ya fara ba da rahoton kuɗin aiki tukuna sannan ya karanta wa sarki littafin. Da sarki ya ji abin da ke ciki sai ya kama rigarsa ya yage, don ya gane cewa in dai maganar nan gaskiya ce to ƙasar ta daɗe tana kan hanyar halaka.

To a nan ne fa zancen yake. Sarki ya tashi mutum 5, Hilkiya da kansa, da Shafan, da ɗansa Ahikam, da Akbor, da Asaya baran sarki, ya ce su je su tambayo masa Ubangiji. Waɗannan ba ƙananan mutane ba ne, su ne ƙusoshin gwamnati da na addini a lokacin, kuma wurin Hulda suka nufa, amma ba aika mata suka yi ta zo fada ba, su ne suka taka da ƙafarsu har unguwarta. Matar Shallum ce, mai kula da ɗakin tufafi, tana zaune a sabuwar unguwa ta Urushalima, wadda masu binciken ƙasa suke ganin ita ce ɓangaren yamma da garin ya faɗaɗa zuwa can tun zamanin sarki Hezekiya, inda Nahman Avigad ya tono wata katanga mai kaurin kusan mita 7 a shekarun 1970.

Kuma annabi Irmiya na nan da ransa fa, tun shekara ta 13 ta Yosiya ya fara annabci, haka Zafaniya shi ma a zamanin wannan sarkin ya yi nasa. Duk da haka wurin Hulda aka je, kuma marubucin bai tsaya yin bayani ko neman uzuri ba, bai ce ai don babu namiji ba ne, ya dai ce sun je wurin annabiya Hulda sun yi magana da ita, shi kenan. Amsarta ba sassauci a ciki, ta ce su faɗa wa mutumin da ya aiko su cewa masifar da ke rubuce a littafin nan za ta sauka a kan wannan wuri da mazaunansa saboda sun bar Allah sun ƙona turare ga wasu alloli, amma shi sarki tunda zuciyarsa ta karaya ya yi kuka ya ƙasƙantar da kansa, za a kai shi kabarinsa da salama, idonsa ba zai ga masifar ba. Daga nan sarki ya tara jama'a manya da ƙanana aka karanta musu littafin, aka fitar da kayan gumakan Ba'al da Ashera aka ƙone a kwarin Kidron, aka yi Idin Ƙetarewa irin wanda ba a yi ba tun zamanin alƙalai. Tun zamanin Jerom, wani malamin coci na dā, ake cewa littafin da aka tsinta Maimaitawar Shari'a ne, wato na biyar a littattafan Attaura, kuma a 1805 wani masani Bajamushe, De Wette, ya gina bincikensa a kan haka, shi ya sa masana da dama yau suke kallon Hulda a matsayin mutum na farko da Littafi Mai Tsarki ya nuna yana tabbatar da cewa wani rubutaccen littafi maganar Allah ce.

Waɗanda suka zo daga baya su ne abin ya dama. A Talmud, kundin koyarwar addinin Yahudawa, a ɓangaren Megilla, malaman Yahudawa sun lissafa annabawa maza 48 da mata 7, wato Saratu, Maryamu, Debora, Hannatu, Abigel, Hulda da Esta, to babu mai musun annabcinta kam, amma sai suka tambaya, ya aka yi Yosiya ya tsallake Irmiya? Wasu suka ce ai don mata sun fi tausayi ne, sarki yana fatan amsa mai sauƙi. Rabbi Yohanan ya ce a'a, Irmiya ba ya gari ne, ya tafi dawo da ƙabilu 10 na Isra'ila da aka kwashe bauta. Aka kuma ce ita dangin Irmiya ce don haka ba zai ji haushi ba. Rab Nahman ma har girman kai ya zarge ta da shi ita da Debora, wai don ta ce "mutumin da ya aiko ku" ba ta ce sarki ba. Wannan zargin gaskiya ban yarda da shi ba, don in ka ci gaba da karantawa a aya ta 18 ta kira shi sarkin Yahuza ƙarara, kuma annabawa maza irin su Natan da Iliya sun faɗa wa sarakuna abin da ya fi wannan zafi ba wanda ya ce girman kai ne. Batun tausayi ma bai zauna ba, don abin da ta faɗa hukunci ne tsagwaronsa.

Amma a cikin al'adar Yahudawan dai an girmama ta sosai, akwai masu cewa makaranta gare ta tana koyarwa, akwai ƙofofi 2 na kudancin Haikali da Mishna, tsohon littafin dokokin Yahudawa, ta kira Ƙofofin Hulda, sannan akwai wani kabari a Dutsen Zaitun da Yahudawa ke cewa nata ne, Kiristoci na cewa na Felajiya mai tsarki ne, Musulmi kuma na danganta shi da Rabi'atul Adawiyya.

Wata matsalar da aka daɗe ana juyawa ita ce ta salamar nan. A shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu Yosiya ya fita tarar Fir'auna Neko a Magiddo aka kashe shi, a karusa aka dawo da shi Urushalima, to ina salama a mutuwar yaƙi? Amsar da aka fi bayarwa ita ce an binne shi a kabarinsa a garinsu, kuma bai ga ranar da Babilawa suka ƙone Haikali a 586 ba, wanda shi ne ainihin abin da ta yi masa alkawari. Wasu masana na zamani ma sun ce wannan ɗan saɓanin shaida ce cewa maganar tata tsohuwa ce tun sarkin na raye, don da bayan mutuwarsa aka tsara ta da an daidaita ta da abin da ya faru.

A wajen Kiristoci kuwa sunanta ya riƙa fitowa duk inda aka zo batun hidimar mata. Sabon Alkawari yana da Hannatu 'yar Fanuyila da ta ga jariri Yesu a Haikali, da 'ya'yan Filibus mata 4 masu annabci, amma kuma yana da 1 Timoti 2:12 inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, to tsakanin waɗannan ayoyin ake ta ja. A ƙarni na 4 a Siriya addu'ar keɓe mace dikon, wato mai hidima a coci, tana ambaton Maryamu da Debora da Hannatu da Hulda. A 1558 John Knox na Sikotland, da yake yaƙi da mulkin mata, ya ce Debora da Hulda keɓantattu ne da Allah ya tayar, ba doka ba ce ga kowa. A 1666 Margaret Fell ta 'yan Kwaka, wata ɗariƙar Kiristoci a Ingila, tana kurkuku a Lankasta, ta kafa hujja da Huldar dai don ta nuna mace na da izinin wa'azi. A Musulunci ma ai an yi makamanciyar wannan muhawara, mafi yawan malamai sun tafi a kan babu annabi mace, amma Ibn Hazm na Andalus ya ce Maryam da mahaifiyar Annabi Musa annabawa ne tunda an yi musu wahayi.

A 1935 Regina Jonas ta zama mace ta farko da aka naɗa rabbi, wato malamin addinin Yahudawa, a Jamus, a 1994 Cocin Ingila ta fara naɗa mata firistoci, a wannan shekarar ta 1994 kuma Fafaroma John Paul na 2 ya fitar da wasiƙar cewa Cocin Katolika ba ta da ikon yin hakan. Masu hanawa suna cewa annabci daban, aikin firist daban, kuma gaskiya ne Hulda ba ta taɓa miƙa hadaya ba, ba ta riƙe wani muƙami a Haikali ba. Masu goyon baya su kuma suna cewa to ai shi babban firist ɗin da ke riƙe da muƙamin, da littafin ya gagare shi hukunci, gidanta ya je ya tsaya ya saurara, ya ɗauki amsar ya kai wa sarki.