Me ake nufi da rufa-rufa a batun limaman Katolika da lalata da yara?

Duk lokacin da rediyo ta kawo labarin cocin Katolika da lalata da ƙananan yara, za ka ji an ambaci cin zarafi, sannan a biyo da rufa-rufa. Masu sauraro da yawa a nan Kaduna kan ɗauke su abu ɗaya, alhali laifi biyu ne, masu aikata su ma daban. Na farko na limamin da ya taɓa yaro ne. Na biyu na wanda ke samansa ne, bishof ko shugaban ƙungiyar limamai, wanda ƙara ta iso teburinsa amma ya ga gara a kare sunan coci. Yawancin fushin da ake yi da shugabannin Katolika tun 2002, a kan wannan na biyun ne.

Ga yadda abin ke tafiya, kamar yadda bincike ya nuna a ƙasashe daban-daban. Uwa ta lura ɗanta ya daina son zuwa hidimar bagadi, ta lallaɓa shi har ya faɗa mata. Ta yafa mayafi ta tafi gidan babban limami. A ba ta kujera, a kawo ruwa, a ce mata, Mama, a yi haƙuri, za mu duba, amma don Allah kada maganar ta fita. Bayan 'yan makonni sai a sanar a coci cewa an yi wa Fada, wato limamin da ake zargi, canjin wurin aiki, ko ya tafi hutun jinya. Ba a je wurin 'yan sanda ba. Ikilisiyar da aka tura shi ba a gaya mata komai ba, iyayen can su tarbe shi da murna su miƙa masa 'ya'yansu. Takardar ƙarar tana cikin wani fayil da bishof kaɗai ke da makullinsa. Wani lokaci a biya iyaye kuɗi, su sa hannu cewa sun yi shiru ke nan. Ba dole sai an yi ƙarya ba, jinkiri da canjin wurin aiki sun isa.

Birnin Boston na Amurka ne ya buɗe wa duniya ido. A Janairun 2002 jaridar Boston Globe ta fallasa yadda aka yi shekaru ana yawo da wani limami, John Geoghan, daga wannan ikilisiya zuwa waccan, duk da cewa manya sun san halinsa. Mutum fiye da 130 suka zarge shi. Kadinal Bernard Law, shugaban cocin birnin, ya yi murabus a Disambar shekarar. Sai dai a 2004 aka ba shi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un Rum, a can ya zauna har ya mutu a 2017, bai taɓa tsayawa gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma ba. Har yau waɗanda aka cuta suna kawo sunansa idan suna son nuna cewa murabus ba hukunci ba ne.

Daga nan sai tonon silili ya bazu. Rahoton da gwamnatin Ireland ta fitar a 2009 kan dayosis ɗin Dublin, wato yankin da ke ƙarƙashin bishof ɗin birnin, ya ce abin da ya dami shugabanni shi ne ɓoye sirri da gudun abin kunya da kare suna da dukiyar coci, lafiyar yara kuwa a baya ta zo. A Agustan 2018 masu bincike a jihar Pennsylvania ta Amurka suka lissafo limamai sama da 300 da yara sama da 1,000 a dayosis shida. A Faransa, kwamitin da cocin kansa ya kafa ya ƙiyasta a 2021 cewa limamai da sauran masu hidimar addini sun ci zarafin yara kimanin 216,000 tun daga 1950. Mutum ɗaya, komai muguntarsa, ba zai yi irin wannan ɓarna shekara da shekaru ba sai da wanda ke share masa hanya.

To mene ne ɗaukar alhaki a nan? Neman gafara shi ne mafi sauƙi, fafaroma bayan fafaroma sun yi. Mataki na gaba shi ne shugaba ya rasa kujerarsa. A Mayun 2018 dukan bishof-bishof na ƙasar Chile suka miƙa takardar murabus ga Fafaroma Francis, bayan shi kansa da farko ya kare wani bishof da ake zargi da rufa wa Fernando Karadima, limamin da ya yi lalata da yara, asiri, sannan ya dawo ya ce ya yi babban kuskure. A Fabrairun 2019 aka tuɓe Theodore McCarrick, tsohon kadinal na Washington, daga limanci gaba ɗaya saboda lalata da yara. Mataki mafi wuya shi ne kotun ƙasa, kuma a nan ne ake ganin ƙarancin misali. Bishof Robert Finn na Kansas City an same shi da laifin ƙin kai rahoto a 2012, amma bai sauka ba sai 2015. Kadinal Philippe Barbarin na Lyon a Faransa an yanke masa hukunci kan irin wannan laifi a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2020.

Dokar coci ta canza, wannan ba a musu. A Mayun 2019 Francis ya fitar da doka mai suna Vos estis lux mundi, wato ku ne hasken duniya, aka sabunta ta a 2023. Ta wajabta wa kowane limami da kowace sista su kai rahoto ga hukumar coci idan suka samu labarin cin zarafi ko ɓoye shi. Ta ce kowace dayosis ta buɗe wurin karɓar ƙorafi da kowa zai iya isa. Ta hana a tilasta wa mai ƙara yin shiru. Ta kuma lissafa tsoma baki don a dagula bincike cikin abin da za a tuhumi bishof da shi. A Disambar 2019 aka cire irin waɗannan shari'o'i daga ƙarƙashin sirrin fafaroma, wato ƙa'idar coci da ke hana fitar da bayani, wanda wasu suka daɗe suna fakewa da shi don hana 'yan sanda takardu.

Wannan doka ta shafe mu kai tsaye, domin Kaduna hedikwatar lardin coci ce. Dayosis irin su Zariya da Kafanchan da Kano da Sakkwato da Minna duk suna ƙarƙashin lardinta. A tsarin dokar, idan bishof ake zargi, babban bishof na lardi ne yawanci ke gudanar da bincike da izinin fadar fafaroma a Rum. A ganina nan ne raunin yake. Mutanen da suka yi makarantar limanci tare, suke zama taro ɗaya duk shekara, su ne za su binciki juna. Dokar kuma ba ta ce dole a kai wa 'yan sanda a ko'ina ba, ta ce a bi dokar kowace ƙasa. Ba ta tilasta a bayyana wa jama'a sakamakon bincike ba, shi ya sa sau da yawa sai dai a ji bishof ya sauka, ba a faɗi dalili ba.

Akwai abin da ke sa rufa-rufa samun gindin zama a wurinmu. Mun taso muna roƙon Allah ya rufa mana asiri, kuma addu'a ce mai kyau. Rufin asiri na mai rauni ne: talakan da ba a so a ga babunsa, yarinyar da aka cuta ba a so sunanta ya shiga bakin duniya. Matsalar ita ce idan aka ɗauki wannan mayafi aka lulluɓa wa mai laifi, aka ce wa iyaye su bar wa Allah. A garin da addini ya sha raba unguwanni, akwai wani tsoro kuma: kada a ba 'yan ɗaya ɓangaren abin gori. Kirista a Sabon Tasha zai ce kada Musulmi su ji, Musulmi a Tudun Wada zai ce kada Kirista su ji, yaron dai shi ne a tsakiya. Wanda ke ganin abin na coci ne kaɗai ya tuna Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, da yawansu yara, daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sasari a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata. Gidan a cikin unguwa yake, ba a daji ba.

Shari'ar coci iyakarta ta tuɓe wa mutum rigar limanci ko ta sauke shi daga muƙami, ba ta da kurkuku a Najeriya. Lalata da yaro laifi ne a dokar jiha, ko Fada ne ya yi, ko fasto, ko malam, ko kawun yaron. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a Kaduna a Satumban 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Wasu na ganin tsananin hukuncin na iya sa iyali su ƙara noƙewa idan mai laifin na gida ne, kuma wannan tsoro yana da tushe. Jihar tana da cibiyoyin Salama masu karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, har da wadda ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri. Iyayen da suka kai ƙara gidan Fada ba su rufe wa kansu ƙofar asibiti da ta 'yan sanda ba, kuma a dokar coci ta yanzu babu bishof da ke da ikon ce musu kada su je.