Zangon Wi-Fi kyauta ne, amma na'urar sai da izinin NCC

Wani ɗalibin injiniyan lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya tare ni da tambaya: "Malam, tunda ba a biyan lasisi kan zangon Wi-Fi, wato mitar rediyon da yake aiki a kai, in na ƙera tawa na'urar zan iya kai ta Kasuwar Sheikh Gumi in sayar?"

Ba kai tsaye ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, ikon tantance kayan sadarwa kafin a sayar ko a yi amfani da su a Najeriya, na gida ne ko na waje. Ana kai samfurin ne tare da sakamakon gwaji, in ya cika ƙa'ida a amince da wannan ƙirar. Hukumar na wallafa jerin waɗanda suka tsallake.

Me ya kawo wannan tsauri? Zangon gigahaz 2.4 kamar rijiyar unguwa yake, kowa na ɗiba ba ya biya. Ga shi kuwa ƙunci gare shi, daga megahaz 2400 zuwa 2483.5 ne kawai, kuma tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Bluetooth ma nan yake cusa kai. Na'ura ɗaya mai ƙarfin da ya wuce kima ta isa ta dagula wa shagunan layi guda intanet. A gigahaz 5 kuma wani sashe ana raba shi da na'urorin rada masu hango jirage da yanayi, dole na'urarka ta iya jin su ta kauce.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne eriya. Sai a sayo guntun Wi-Fi mai takardar izini, a ɗaura masa doguwar eriya da abin ƙara ƙarfi don ya kai nesa. To, ƙarfin da ke fita iska ake aunawa, kuma eriyar na cikin lissafin. Ka canza ta, ka canza na'urar. Bin ƙa'idar fasahar Wi-Fi ta duniya, IEEE 802.11, wadda ta fara fitowa a 1997, shi ke sa na'urarka ta fahimci wayoyin mutane, sai dai ba ya maye gurbin izinin hukuma.

Ina son in ga na'ura ƙirar Kaduna a kanti, shi ya sa na ce masa ya sa batun gwaji cikin kasafinsa tun yana zanen allon lantarkin na'urar, kada sai an haɗa guda ɗari. Sayar wa jama'a intanet kuwa lasisinsa daban.