Waiwaye: Alwashin Yin Shiru da Wahalar Limaman da Suka Bar Rundunar Almasihu

Ƙungiyar Legionaries of Christ, wato Rundunar Almasihu, ɗaya ce daga ƙungiyoyin limaman ɗarikar Katolika, kuma Marcial Maciel ne ya kafa ta a birnin Meziko a shekarar 1941, yana ɗan shekara 20, tun kafin a naɗa shi fada. Ta bunƙasa da sauri, ta buɗe makarantu da jami'o'i, ta kuma samu shiga a Fadar Vatican har Paparoma John Paul na biyu ya yaba wa Maciel a 1994 a matsayin jagoran matasa.

Sai dai daga baya ta bayyana cewa Maciel ya daɗe yana lalata da yaran da ke hannunsa, kuma tushen shirun da aka yi a kai yana cikin tarbiyyar ƙungiyar. Akan ɗauki yara tun suna shekara 11 ko 12, a raba su da iyayensu, shugabanni su riƙa karanta wasiƙun da suke aikawa gida da waɗanda ake aiko musu. Ban da alwashin talauci da tsarki da biyayya da aka sani, akwai wani na sirri da kowa yake ɗauka: ba zai taɓa sukar shugabansa ba, kuma idan ya ji wani yana suka, sai ya kai rahotonsa. Da wannan aka mai da abokin ɗaki ɗan leƙen asiri. Tsofaffin 'yan ƙungiyar sun sha faɗa cewa an cusa musu cewa barin ta daidai yake da sayen wuta da kuɗinka, saboda haka saurayin da shakka ta kama shi yakan ɗauka cewa laifin na imaninsa ne.

An ga aikin wannan alwashi tun a 1956, lokacin da Vatican ta dakatar da Maciel ta tura masu bincike. Ɗaliban da ya ci zarafinsu suka kame bakinsu, aka mayar da shi kan kujerarsa a 1959. Cikinsu akwai Juan Vaca, wanda ya shiga yana ɗan shekara 10, ya kai har ga shugabancin ƙungiyar a Amurka. A 1976 ya fice ya koma ƙarƙashin bishop na Rockville Centre a jihar New York, ya rubuta doguwar wasiƙa yana zayyana lalatar da Maciel ya yi da shi da sauran yara. An kai kokensa Roma har sau uku, ba a ce uffan ba. Daga baya ya ajiye limancin gaba ɗaya.

Sai a Fabrairun 1997 jaridar Hartford Courant ta buga shaidar tsofaffin 'yan ƙungiyar su tara. Ƙungiyar ta ƙaryata su, aka yi ta yi musu kallon maƙiyan coci masu ƙulla makirci. A 2006 Paparoma Benedict na 16 ya umarci Maciel da ya koma gefe ya shagala da addu'a da tuba, aka soke alwashin sirrin a 2007, shi kuma ya mutu a Janairun 2008 ba tare da ya gurfana gaban wata kotu ba.

A ganina, waɗanda aka fi mantawa da su su ne limaman da suka zauna da zuciya ɗaya har zuwa 2009, shekarar da ƙungiyar ta amsa cewa mutumin da suke kira "Babanmu" yana da 'ya a ɓoye. Waɗannan sun shekara da shekaru suna haddace wasiƙunsa, suna kāre shi a gaban iyaye da masu ba da gudummawa, wasunsu ma su suka jawo ƙannensu ciki. Limamai da dama suka fice, kamar Thomas Berg da ya koma ƙarƙashin babban bishop na New York a wannan shekara, yayin da Vatican ta ɗora wani babban bishop mai suna Velasio De Paolis ya sa ido kan ƙungiyar a 2010.

Ficewar ma ba sauƙi gare ta ba. Fada ba ya zama haka kawai, dole ya samu bishop da zai karɓe shi, kuma dokar coci ta ba bishop damar gwada shi har shekara 5 kafin ya zama nasa. Wanda ya bar limancin kuwa yakan fito yana da shekara 40 ko fiye, ba gida, ba ajiya, ba sana'a sai ilimin falsafa da tauhidi, abokansa na ƙuruciya kuma duk suna ciki sun daina yi masa magana. Doka ta 702 ta kundin dokokin coci ta ce wanda ya fita ba shi da haƙƙin neman ladan aikin da ya yi, sai dai ƙungiyar ta dube shi da adalci da tausayi, wato an bar makomarsa a hannun waɗanda ya gudu daga gare su.

A 2014 ƙungiyar ta nemi gafara a fili, a Disambar 2019 kuma ta fitar da rahoton cewa limamanta 33 sun ci zarafin yara 175, aƙalla 60 daga ciki a hannun Maciel kansa. A lokacin, shekara 43 ke nan da Vaca ya rubuta wasiƙarsa.