Waiwaye: Suɓutar bakin shugabanni a lokacin yaƙi da yadda ake karɓarta a Zariya

Ranar 26 ga Maris, 2022, wata guda da fara yaƙin Rasha da Yukren, Shugaba Joe Biden na Amurka ya yi jawabi a babban birnin ƙasar Folan. Dab da zai sauka sai ya ƙara abin da babu shi a takardarsa, ya ce saboda Allah wannan mutumin, wato Shugaba Putin na Rasha, bai kamata ya ci gaba da mulki ba. Nan take fadarsa ta fito tana gyara, wai ba kifar da gwamnati yake nufi ba. Kakakin fadar shugaban Rasha ta Kremlin, Dmitry Peskov, ya mayar da martani cewa 'yan Rasha ne ke zaɓen shugabansu. Bayan kwana biyu Biden ya ce ɓacin ransa ya bayyana, manufar ƙasarsa ba ta sauya ba.

A majalisun Zariya, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zuwa ɗaliban Samaru da Kongo, gyaran bai samu kasuwa ba. Abin da aka riƙe shi ne bakin ya faɗi abin da ke zuci. Wannan fahimta tana da tarihi.

Ranar 16 ga Satumba, 2001, kwana biyar bayan harin da aka kai Amurka, shugaban ƙasar na lokacin, George W. Bush, yana amsa tambayoyin 'yan jarida sai ya kira yaƙin da zai ƙaddamar da sunan yaƙin Salibiyya, sunan yaƙe-yaƙen da Turawa suka kai ƙasashen Musulmi ƙarnoni da suka wuce. Fadarsa ta nuna nadama, washegari ma ya ziyarci masallaci a Washington yana cewa Musulunci addinin zaman lafiya ne. Amma magana zarar bunu ce. A lokacin rediyo ne abokin hirar kowa, BBC da Muryar Amurka da Jamus, daga nan zancen ya shiga wa'azi da huɗuba. Ziyarar masallacin kuwa, 'yan kaɗan ne suka tuna da ita. Ranar 7 ga Oktoba aka fara ruwan bama-bamai a Afganistan, cikin mako guda zanga-zanga a Kano ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka rasa rayuka. Ba kalmar Bush kaɗai ta jawo wannan ba, amma ta ba masu hura wuta makami. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka mutu maƙwabtan juna ne, babu wanda ya taɓa ganin Bush ko Kabul.

Sai Iraƙi a 2003, inda Bush ya sake sakin baki yana ce wa masu kai wa sojojinsa hari su zo a gwabza, maganar da shi da kansa ya ce ya yi nadamarta a 2006. Sai Libiya a 2011, aka shiga da sunan kare farar hula, aka ƙare da kashe Gaddafi, makamai suka bazu a yankin Sahel. Wanda ya ga waɗannan, idan ya ji shugaban Amurka ya ce wani kada ya ci gaba da mulki, ba zai ɗauke ta a matsayin ɓacin rai kawai ba.

Sai dai ina ganin mu ma akwai inda muke gazawa. A 2022 bidiyon daƙiƙa kaɗan ne ya zagaya WhatsApp da Facebook, aka yi ta muhawara kan bakin Biden, wasu har suka mayar da Putin gwarzo, alhali shi ne ya tura sojoji cikin ƙasar maƙwabcinsa ranar 24 ga Fabrairu. Zargin Amurka bai wanke shi ba. Kuma yayin da muke can, yaƙin ya iso mana ta wata ƙofa: Rasha na cikin manyan masu fitar da takin zamani a duniya, ita da Yukren kuma manyan masu sayar da alkama ne. Manomin masara a Giwa ko Soba ya gani a farashin buhun taki a daminar 2022, mai gidan burodi a Sabon Gari ya gani a kuɗin fulawa.